Keken Babana da Harajin Ƙasa Biyu

Ni dai aure ne ya kai ni Yamai, ba fatauci ba, ba karatu ba. Isufu direban babbar mota ne, mutumin Tawa. Ya zo sauke kaya a kasuwar Isa, ya kawo mini wandonsa da ya yage a gwiwa, daga ɗinkin wando magana ta yi tsawo. Ni bazawara, shi ma ya taɓa aure, don haka ba a yi wani dogon zance ba. Sharaɗina ɗaya ne, duk inda za a kai ni da kekena za ni. Baƙin keken ɗinki ne mai feda, na babana. Allah bai ba shi ɗa namiji ba, ni ya zaunar a kai tun ƙafata ba ta kai fedar ba, da ya rasu kuma shi ne gadona. Katakon teburin ya lotsa daidai inda yake ɗora gwiwar hannunsa.

Yamai ba ta cuce ni da farko ba, shiru kawai ta yi mini. Unguwar da muka zauna Zabarmanci ake yi, in an gaji da shi a koma Faransanci. Ni da a Isa bakina ba ya hutawa, daga ciniki sai tsiya da maƙwabtan rumfa, sai ga ni na koma kurma, in gaisa da murmushi in wuce. Isufu ma ya ƙara mini takunkumi. Tun satin farko ya zaunar da ni ya ce, "Rabi, nan ba Isa ba ta. Bakin nan naki ki ɗaure shi. In kin ga mai kaki ko mai ofis, ki ce wi mushe, wato to ranka ya daɗe da Faransanci, ki sadda kai ƙasa, shi ke nan."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kallon fuska. Ina da tsagar Gobir, daga gefen baki har kusa da kunne, kuma a gida ban taɓa tunawa da ita ba, don rabin kasuwa irinta ce. A Yamai kuwa sai in ga mutum ya tsura mini ido, ya taɓa na kusa da shi, su faɗi wata magana su bushe da dariya. Akwai wani mai tumatir a bakin layinmu da ya taɓa nuna kumatuna, ya yi ta surutu yana dariya, ya ƙara mini gyara mai yawa. Na kwashe gyaran na zube masa a faifai, na yi tafiyata. Daga ranar na riƙa jan mayafi ina rufe rabin fuskata. Kewar gida ta dame ni ƙwarai, har nakan rufe ƙofa in yi kuka, in wanke ido kafin Isufu ya dawo.

Don kada zaman ya haukata ni, ya kama mini ɗan shago a bakin titi. An ce wani tela ne a ciki da, ya tashi. Muka share, muka kai keke, na fara karɓar gyare-gyare da ɗinkin yara. Maƙwabciyata Haisa, mai suyar fanke, Bazabarma ce da ta taɓa zama Maraɗi, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ita ce bakina, ita ce kunnena.

Wata safiya, Isufu ya yi arewa da kaya can bayan Agadas inda waya ba ta shiga, na zo buɗe shago na tarar da wani ƙaton kwaɗo a saman nawa, da takarda manne a ƙofa. Haisa ta bar man suyarta a kan wuta ta zo ta ce masu lanho ne, wato masu haraji, da sassafe suka zo.

Ta raka ni ofishinsu. Wata matashiyar ma'aikaciya ta buɗe kwamfuta ta yi bayani, Haisa tana juya mini. Shagon nan shekaru ke nan ba a biya masa fatanti ba, kuɗin da duk mai sana'a ke biya. Shagon tela ne a da, shagon tela ne yanzu, ƙofa ɗaya, sana'a ɗaya, don haka a wurinsu ni ce mai shi tun farko. Ta faɗi abin da ake nema. Ya fi ƙarfin keken sau da yawa. Idan ba a biya ba, za a kwashe abin da ke ciki a yi gwanjonsa da mutuwar wata.

Na ce da Haisa, "Hwaɗa mata bara niz zo ƙasag ga. Shekarun da take lissahi ina Isa, ina biyan nawa can."

Matashiyar ba ta yi faɗa ba. Ta ce in dai gaskiya ne, in kawo shaidar cewa a waɗannan shekarun a wata ƙasa nake sana'a, a can nake biya. Muka je wurin mai shagon ya zo ya yi mini shaida, ya ce shi ba ya shiga sha'anin hukuma, ya rufe ƙofarsa. Daga baya na ji ashe shi ma akwai abin da yake gudu.

A bakin ofishin ne na haɗu da wani mai jakar hannu da takalmi sau-ciki, yana Hausa mai daɗi irin ta Maraɗi. Da ya ce mini "'yar'uwa" sai da hawaye ya zo mini, don na daɗe ban ji ba. Ya ce shi da shugaban ofishin tare suke cin abinci, in kawo ɗan abin goro kawai, gobe a buɗe kwaɗo. Haisa tana ta taka mini ƙafa, ban kula ta ba. Na sayar da 'yan kunnena na aure na ba shi. Har yau ban sake ganin ko ƙeyarsa ba, kuma ban yafe ba.

Da na ga babu mafita sai na ɗaura ɗamara na kama hanyar gida. Motar Maraɗi na shiga. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, duk shingen da aka zo sai jandarma ya leƙo ya karɓi katin kowa, nawa kuwa na Najeriya ne, sai a ce in sauko. In tsaya a rana da takardar aure a hannu, in ce wi mushe, in sadda kai, fasinjoji suna leƙe ta taga suna tsaki don na ɓata musu lokaci. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ce ta riƙa riƙe mini wurin zama da ƙunshinta, duk na dawo ta miƙo mini dabino.

Lokacin iyaka a rufe take, babu mota mai tsallakawa. Daga Maraɗi na bi ƙananan motoci har wani ƙauye na bakin iyaka, daga nan sai mashin. Wanda ya ɗauke ni dattijo ne mai furfura a gemu, ɗan Burkusuma. Kafin ya tayar ya juyo ya ce, "Ɗiyata, in kin ga na kashe mashin kada ki tambaye ni dalili. In kin ji harbi kada ki yi kuwwa. Riƙe ni kawai za ki yi."

Muka shiga daji. Ƙasar da na sani ce, amma ta canza mini. Ga gero ya nuna har ya sunkuya, babu mai yanka. Mun wuce wani ƙauye, ƙofofi a buɗe, ko kaza babu. Don in kori tsoro na fara ba shi labarin abin da ya fito da ni. Ya saurara har na gama, ya yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba.

"Ke naki harajin ai da takarda," in ji shi. "Mu wanda muka biya kahin mu taɓa gonakinmu, mutanen daji ka amsa tai, kuma ba su ba da rasit."

Bai daɗe da rufe baki ba na ji ya kashe mashin. Ya gangara da mu cikin wani kwazazzabo, ya kwantar da mashin ɗin, ya yi mini nuni in kwanta. Na kifa fuskata a rairayi mai zafi. Can sama na ji ƙarar mashina suna zuwa, da yawa, suna tafe a hankali, har ina jin muryoyinsu da ƙarar ƙarfe yana bugun ƙarfe. Tari ya taso mini, na cusa mayafi a baki na cije. Duk addu'ar da na sani ta gudu, sai La'ilaha illallahu kawai ke yawo a kaina. Na ce a raina, Rabi, yau za ki mutu a rami saboda takarda, mijinki bai san inda kike ba, uwarki ma ba ta sani ba. Sai da ƙarar ta ɓace gaba ɗaya, dattijon ya jira, ya ƙara jira, sannan ya taɓa kafaɗata. Da rarrafe na fito.

A Burkusuma ya kai ni gidansa. Matarsa ta dube ni sau ɗaya, ta shiga ta damo fura ta ba ni, ta karkaɗe mini rairayin da ke gashin girata da bakin zanenta. Na ba su kuɗin furar suka ƙi karɓa. Da na isa Sabon Birni sai aka ce ba a bin hanyar Isa ɗai-ɗai, sai motoci sun taru a tafi a jere, kuma da la'asar ta yi an daina. Muka taru muka tafi, mota cike amma ba mai tari, kowa idonsa a gefen hanya.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida na yi sallama. Ta saki rariya. Da ta ji abin da ya kawo ni, maimakon sannu da zuwa sai faɗa.

"Don keke kika biyo wagga hanya? Keke, Rabi? Hankalinki ɗaya?"

Na ce, "Keken Baba na, Inna. Gwanjo za su yi mai."

Ta ɗauki rariyar ta ci gaba da tankaɗe, amma na ga garin yana zuba a ƙasa ba a cikin ƙwarya ba.

Washegari na je wurin masu karɓar kuɗin shiga. Wanda na samu ya san babana, ya ce shi ya ɗinka masa rigar aurensa. Ya yi mini gaisuwa mai kyau, ya duba, ya ce shekarun baya duk na biya, babu gardama. Sai dai rumfata ta kasuwa har yanzu da sunana take, ƙanwata na sayar da zare da maɓalli a ciki, kuma tun da na tafi ba a biya ko sisi ba. Ba ya iya ba ni takardar shaida sai an cike wannan.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Malam, ni hwa Nijar nike yanzu. Can sun ce in biya, nan kun ce in biya. Kai ɗaya gare ni, kaya biyu za a aza min?"

Ya ce, "Hajiya Rabi, ke kika yi arziki. Wasu ƙasa guda ma ba ta san da su ba, ke biyu ka neman ki."

Ban ga abin dariya ba. Na dawo gida ina huci, ba ni da abin biya, kuɗin mota ma da ƙyar. Ranar kasuwa da safe na fito na tarar babu tunkiyar Inna a turke, wadda take ta tattalinta don layya. Inna ta miƙo mini ƙullin kuɗin tunkiyar a gefen zane. Da shi na biya, aka buga mini takarda da hatimi mai kyau. Na naɗe ta a leda, na soke a ƙugu.

Komowa ba sai na faɗa ba, hanyar ita ce, tsoron shi ne. Na shiga Yamai wata yana gab da mutuwa, ƙafa a kumbure, ko gida ban tsaya ba na ɗauki Haisa muka wuce ofis. Muna shiga harabar na ci birki. An riga an kwaso kayan gwanjo an jera, firji, kujerun aski, injin niƙa, ga kekena a tsakiya cikin rana, an ɗaure fedar da igiya, wani ya ɗora kwanon abincinsa a kan teburin.

Matashiyar nan ta karɓi takardar, ta juya gaba, ta juya baya, ta girgiza kai. Turancin Ingilishi ne, su ba sa aiki da shi. Sai an kai wurin mai fassara da hukuma ta yarda da shi, ya juya, ya buga nasa hatimin, kuma abin yana ɗaukar lokaci. Gwanjo kuwa jibi ne. Na tsaya ina kallon takardar da na kwanta a rami dominta, da tunkiyar Inna a cikinta. Haisa ta yi ta roƙo har matashiyar ta gaji ta nuna mana ƙofar shugabansu, wani wai shi Mushe Hamani.

Tsoho ne siriri da tabarau. Zufa ta jiƙa ni, mayafina ya zame tun a waje, ban ma kula in gyara ba. Na ajiye takardar a gabansa. Bai dube ta ba, fuskata ya duba, ya sauke tabarau kan hanci, ya yi magana da wata gurguwar Hausa.

"Wa ya bar baiwata ta shigo mini da takalmi?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na tuna maganar Isufu, na sadda kai na ce, "Wi mushe."

"Bagobira! Kyanwa ce ta yakushe ki haka? Ku ai sata kuka iya. Kin gudo daga gidan ubangidanki, kin zo kina cin kuɗin gwamnati."

Akwai mutane a ofishin, duk sun bar abin da suke yi. Na hango keken ta taga, na sake cewa wi mushe. Shi ma ya bi idona ya leƙa tagar.

"Wancan tsohon ƙarfen ne naki? A ina ubanki ya sato shi?"

Nan igiyar ta tsinke. Wallahi ban san lokacin da na buga teburinsa ba.

"Ubana? Ubana ka kira ɓarawo? Kai ab bawa, ɗan bawa, jikan bawa! Kakanka da ƙwaryar gero kakana yas saye shi, kuma sai da yay yi da-na-sani, don ci yaf fi aiki! Dube ka kamar karan dawa da tabarau. Ku riƙe keken, ku sai da shi, ku ci, Allah ya isa!"

Ofis ya yi tsit. Na gama, na san na kashe kaina. Na ce shi ke nan, keke ya tafi, ni kuma sai gidan kaso a ƙasar da ba ni da kowa. Na waiwaya na ga Haisa ta toshe baki da hannu biyu, kafaɗunta na rawa, na ɗauka kuka take.

Sai Mushe Hamani ya fashe da dariya. Ya yi dariya har ya cire tabarau yana share ido, yana buga ƙafa a ƙasa, sauran ma'aikatan suka taya shi.

"Alhamdu lillahi!" in ji shi. "Da kika yi ta wi mushe, wi mushe, na ce wannan Bagobirar jabu ce, tsagar aro ta yi. Yanzu na ga ta gaske. Zauna, baiwata. A kawo mata ruwa."

Haisa ce ta raɗa mini, tana haki don dariya, cewa Bazabarme da Bagobiri taubasai ne, abokan wasa, duk inda suka haɗu sai sun zagi juna, kuma wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Sai maganar babana ta dawo mini. Mu a Isa da Yarabawa masu kayan mashin muke wannan wasa, ni kaina na sha kiran su bayina. Baba ya taɓa cewa da Zabarmawa ma akwai, amma ban taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba, kuma ko a mafarki ban zaci wasan yana shiga ofis ya zauna bayan tebur ba. Haisa kuwa ta ɗauka kowace Bagobira da saninsa ake haihuwarta, ta ce ita da tana ganin girman kai ne ke hana ni tankawa.

Tsohon ya gyara zama, fuskarsa ta koma ta aiki. Ya ce doka ba wasa ba ce, ba ya iya shafe ta. Amma taubashiyarsa ba za ta fita ofishinsa da hawaye ba, in ta fita haka shi abin kunya ya kama. Ya aika aka kira wani malamin makaranta mai koyar da Ingilishi, ya karanta takardar a gaban kowa, shi kuma ya rubuta a ƙasa cewa ya ji ya gamsu, ya sa hannu, in an tambaya wuyansa ne. Bashin baya aka mayar kan telan da ya gudu. Na shekarar da na yi kuwa ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai na biya, ya dai raba mini shi kaɗan-kaɗan.

Da mai kura ya sauke keken a shago, na kwance igiyar fedar, na goge shatin kwanon da aka ɗora. Na zauna na sa gwiwar hannuna a lotsawar nan, ta shiga daidai. Sai kuka ya ƙwace mini, Haisa ta bar ni na yi mai isata. Ba keken kaɗai nake wa kuka ba. Shekara guda ina zaune cikin abokan wasana ina kukan rashin dangi, suna miƙo mini hannu ni kuma ina jan mayafi.

Da safe na fita fuska a buɗe, na tsaya gaban mai tumatir na ce, "Kai bawa, ina gyaran tumatirina na bara?" Ya yi tsalle ya kira duk 'yan layin su zo su ji, Bagobira ta yi magana.

Yanzu kowace shekara ina biya a wuri biyu, fatanti a Yamai, kuɗin rumfa a Isa, kuma kowane sai na yi mita kafin in ba da. Tunkiyar Inna na mayar mata kafin layya ta zagayo. Akwai kuma haraji na uku. Duk watan Cika-ciki Mushe Hamani yakan zo ƙofar shagona neman kuɗin shara, ɗan abin da taubasai ke ba juna a watan, ko da yake ya yi ritaya. Shi ya ce haraji ne baiwa ke kai wa ubangidanta, ni na ce sadaka ce nake ba bawan gidanmu, kuma har yau ba mu daidaita ba. Shekarar farko ban ba shi kuɗi ba, riga na ɗinka masa a keken babana, farar shadda, na zauna na yi mata aiki irin wanda Baba ke yi wa manya. Ya sa ta a nan bakin titi yana juyi, ya kai hannu aljihu, hannu ya ƙi shiga. Ya gwada ɗayan, shi ma haka.

Na ce, "Na ɗinke su. Bazabarme, kuma mai lanho, ba ni ba ka wurin zuba kuɗɗin mutane."

Da salla ta zagayo, da ita ya je Idi.